Tina duk tina ce? Kiliyata ta fito da ƙananan huji

Sabon_Hannu
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawarar masu sana'a nake nema. Madigadin gaba na motata da bamba ne suka goge, na ce bari in gwada fesa su da kaina a gida, tunda ina da 'yar kwamfaresa da gan, wato bindigar feshi, mai baki milimita 1.4. Na sayo firama (shafin farko), da fentin bes (kalar kanta) ruwan azurfa, da kiliya (shafin sama mai sheƙi marar launi) 2K, wato mai haɗi biyu, tare da hadinarta, sinadarin da ke taurara ta. Tina kam, ruwan sirka fenti, ban saya ba, domin ina da jarka guda wadda nake wanke gan da ita, wani abokina kuma ya ce min tina duk tina ce.

Kafin in taɓa motar na fara gwadawa a kan wani tsohon gambu. Bes ɗin ya kwanta ba laifi. Amma da kiliya ta bushe sai na ga ba ta da sheƙi, ta yi dishi-dishi, kuma in ka haska fitila ta gefe za ka ga 'yan ƙananan huji birjik kamar an bi ta da tsinin allura. Shin tinar ce ta jawo, ko hannuna ne bai faɗa ba? In tina ce, wacce zan nema?

MaiGan_14
Wa alaikumus salam. Me aka rubuta a jikin jarkar? Kuma kashi nawa ka zuba?

Sabon_Hannu
Ba a rubuta komai ba sai "tina". Na zuba kiliya kashi 2, hadina kashi 1, tina kuma da ido na ƙara har na ga ta yi ruwa-ruwa.

DanFeshi
Malam kada a wahalar da kai. Ni shekara da shekaru tina ɗaya nake zubawa a komai, firama, kala, kiliya, kuma aikina yana fita. Hannunka ne. Ka lafta kiliyar da yawa a tashi ɗaya, shi ke nan.

Baba_TsohonHannu
DanFeshi ɗana, ba na musun cewa aikinka yana fita. Amma ka sake ganin motocin bayan wata shida? Kiliyar da aka sirka da tinar wanke gan takan yi kyau ranar farko, daga baya sheƙin ya zauna, ka danna farce ka ga ya bar shaida.

Sabon_Hannu, saurara. Fenti ba dangi ɗaya ba ne, don haka tina ma ba ɗaya ba ce. Akwai selulos, wanda bushewarsa kawai ita ce tina ta tashi ta bar shi. Ko bayan shekara goma ka goga masa tinarsa zai sake narkewa. Akwai fentin mai, wanda iska ce ke taurara shi a hankali, shi kuma tina mai laushi yake so, irin su wayit sifirit ko tinar da kamfaninsa ya yi masa. Sai 2K, irin kiliyarka, wanda ba bushewa kawai yake yi ba, haɗuwa ake yi tsakanin fenti da hadina su zama abu ɗaya mai tauri. Wannan na ukun shi ne mai tsantsani. Ba ya karɓar baƙo.

Tinar wanke gan galibi tsohuwar tina ce da aka tattara aka sake tacewa. Ba ka san me ke ciki ba, mai sayarwa ma bai sani ba. An yi ta ne don ta narkar da datti, ba don ta zauna a cikin fenti ba. Ka bar ta a aikinta, ka nemi wadda aka rubuta 2K a jikinta, in da hali ta kamfanin da ya yi kiliyar.

Malamin_Kimiyya
Baba ya gama magana, bari dai in ƙara dalilin hujin nan, domin in mutum ya gane shi ba zai sake mantawa ba.

A cikin hadina akwai wani sinadari da ake kira aisosayanet. Aikinsa shi ne ya kama fentin ya ɗaure shi. Matsalar ita ce ba fentin kaɗai yake kamawa ba. In ya tarar da giyar sinadari, kamar metanol da ake yawan samu a tinar gama-gari, zai kama ta, sai hadinar da ya kamata ta taurara kiliya ta ƙare a banza. Abin da ya sa take zama da laushi ke nan, kamar yadda Baba ya ce. In kuma ruwa ya tarar, haɗuwarsu tana haifar da iskar kabon dayoksaid. Iskar nan tana neman hanyar fita daga cikin kiliyar da ta fara kamewa, duk inda ta fasa ta fito sai ta bar ɗan rami. Tinar 2K kuwa da sinadarai irin su butil asitet da zailin ake haɗa ta, ana kuma kiyaye ta daga ruwa da giya tun daga masana'anta.

DanFeshi
To Malam, in haka ne me ya sa bes ɗinsa bai lalace ba, alhali tina ɗaya ya zuba?

Malamin_Kimiyya
Saboda yawancin bes ba a sa masa hadina, babu abin da ruwan zai yi faɗa da shi. Amma hakan bai wanke tinar ba. A ruwan azurfa musamman, tina ce ke tsara yadda 'yan ƙyalƙyalin alminiyon za su kwanta. In ta tashi da wuri sai kalar ta yi haske da kaushi, in ta daɗe jiƙe sai ta yi duhu ko ta yi dabbare-dabbare. A kan gambu shi kaɗai ba zai gani ba. Sai ya ɗaura madigadin kusa da ƙofar motar a rana.

Kwamfaresa50
Ni fa ina ganin an yi saurin ɗora wa tina laifi. Sabon_Hannu, yaushe rabonka da buɗe makunnin ƙasan tankin kwamfaresarka? Ƙaramar kwamfaresa tana yin zafi, iska mai zafi tana ɗauke da danshi, in ta huce a cikin tiyo sai ta zama ruwa, gan ya tofa shi tare da kiliya. Ko tinar da ta fi kowacce kyau ka zuba, hujin nan zai fito. Ka fesa iska zalla a kan madubi ko farar takarda na minti ɗaya ka gani.

Sabon_Hannu
Gaskiya ban taɓa buɗewa ba tunda na saye ta. Yanzu na je na buɗe, ruwa ya fito ja-ja mai tsatsa, ya kai rabin kofi.

Kwamfaresa50
Ka gani ko. Sa matarar ruwa a layin, sannan ƙarama guda a gindin gan.

Yaro_Direba
Oga-oga, ni tambayata, fetur fa? Na ga wani yana sirka fenti da shi ya fesa wili, kuma ya bushe.

MaiGan_14
Kul! Kada ka soma.

Baba_TsohonHannu
Yaro, bushewa daban, kamawa daban. Fetur yana da maiƙo da wasu ƙare-ƙare da aka zuba don inji, ba don fenti ba. Fentin mai zai iya haɗuwa da shi a ido, amma za ka ga yana buɗe 'yan idanu zagaye-zagaye kamar idon kifi, sheƙi ya mutu, launi ya sauya. Selulos da 2K kuwa ba sa ma narkewa a cikinsa yadda ya kamata, guda-guda za su yi maka a kofin gan. Wannan duk ƙaramin abu ne a kan wuta. Ka mayar da fetur hazo a cikin ɗaki, tartsatsi ɗaya ya ishe ka. Kananzir ma kada ka kawo shi, kwana da kwanaki fentin zai yi yana danƙo.

Mai_Babur77
Bari in ba ku nawa labarin ko wani zai tsira. Tankin babur ɗina na so in sabunta. Ban san cewa wanda ya riga ni da fentin mai ya fesa shi ba. Na goge shi da samfefa sumul, na haɗa selulos da tinarsa ɗaya da ɗaya, na yi shafi na farko. Wallahi ban kai ga ajiye gan ba na ga fentin ƙasa yana tattarewa, yana yamutsewa kamar fatar hannu in ta daɗe a ruwa. A gaban idona tankin ya tashi daga sumul ya koma kirci. Sai da na kankare shi tas har ƙarfe, kwana biyu ina abu ɗaya.

Tun daga ranar ba na fesa komai sai na yi gwajin tsumma. Ka jiƙa farin tsumma da tinar selulos, ka ɗora a wani lungu da ba a gani, ka ba shi minti ɗaya ko biyu. In kalar ta narke ta biyo tsumman, selulos ne ko danginsa. In ta yi laushi ta yamutse, fentin mai ne. In ko gezau ba ta yi ba, 2K ne ko fentin masana'anta da aka gasa, ka fesa abinka hankali kwance. Sabon_Hannu, madigadinka ka tabbata ba a taɓa yi masa fenti a baya ba?

Sabon_Hannu
Ban tabbata ba, a hannu na sayi motar. Zan gwada. Na gode ƙwarai, wannan ban taɓa jin sa ba.

Injiniya_Roba
Amma gwajin nan kada ka yi shi a kan roba tsirara. Tunda ka ambaci bamba, juya bayanta ka duba, akwai haruffa da aka buga a jiki masu nuna irin robar. In ka ga >PP< ko >PP+EPDM<, tina ba ta cika cin ta ba, amma fenti ma ba ya kama ta sai ka fara fesa firamar roba, siririn shafi mai kama da ruwa. In ba haka ba ranar da aka wanke motar da ruwa mai ƙarfi fentin zai ɗaye kamar leda. Gidan madubin gefe da wasu adon gaba kuwa sau da yawa >ABS< ne, shi kuma asiton da tina mai zafi suna narkar da shi, su sa ya tsattsage. Kuma don Allah a daina goge kaya da tina kafin feshi. Akwai ruwan goge maiƙo da aka yi don haka, yana ɗauke datti ba tare da ya taɓa fentin ƙasa ba.

Hajiya_Wili
Sannunku da ƙoƙari. Ni ma wilin motata nake son in fesa da kaina a garejin gida, na daɗe ina bin zauren nan. Abin da ke damuna shi ne garejin yana manne da ɗakin yara. In na buɗe ƙofa na kunna fanka, ya wadatar?

Likitan_Ma'aikata
Hajiya, don Allah kada ki fesa 2K a wurin nan, kuma maganar ta shafi Sabon_Hannu ma. Aisosayanet ɗin da Malamin_Kimiyya ya ambata yana cikin manyan abubuwan da ke jawo asma ta wurin aiki, masu fentin mota kuma suna sahun gaba a masu kamuwa. In jiki ya riga ya tsane shi, ko ɗan kaɗan mutum ya shaƙa daga baya ƙirjinsa zai toshe, kuma sau da yawa ba ya komawa daidai. Hazon ba a ganinsa da ido, yana kuma daɗewa a ɗaki bayan an ajiye gan. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Birtaniya, HSE, abin da ta ce a sa wajen fesa irin wannan fenti shi ne takunkumin da ake turo wa iska mai tsabta ta tiyo. Takunkumin ƙura na takarda ba ya tare komai a nan.

Tururin tina kuma ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi, yana shiga ta ƙarƙashin ƙofa, daidai inda yara ke kwanciya da wasa. Fanka ta gida ma tana iya yin tartsatsi. Ki fitar da wilin waje nesa da taga, ki yi amfani da fentin da ba ya buƙatar hadina, ki sa takunkumi mai gwangwanin gawayi na tururin sinadari. Sannan kowa ya daina wanke hannu da tina, tana ratsa fata.

Hajiya_Wili
Allah ya saka da alheri Likita. Na fasa garejin. Fentin gwangwanin feshi fa, shi ma ana sa masa tina?

MaiGan_14
A'a Hajiya, a haɗe yake zuwa. Ki dai girgiza shi minti biyu cur bayan kin ji ƙwallon ciki ya fara ƙara, kuma firama da kala da kiliya duk su zama na dangi ɗaya. Ki karanta jikin gwangwanin, akwai masu maɓalli a gindi da ake fasawa, waɗannan 2K ne, maganar Likita ta hau kansu.

Tarihin_Mota
Abin sha'awa, selulos ɗin da ake rainawa yanzu shi ne ya sauya sana'ar gaba ɗaya. Kafin kamfanin DuPont ya fito da fentin selulos mai suna Duco, wanda General Motors ya fara sawa a motocin Oakland na 1924, fentin mota makonni yake ɗauka ana shafawa ana jiran bushewa. Saurin tashin tina ne ya mayar da makonni sa'o'i.

DanFeshi
Tarihi ya yi daɗi, amma mu dawo kan gambun mutumin nan. Ruwa rabin kofi ya fito daga tankinsa. Ashe ba tina ba ce.

Baba_TsohonHannu
Yana iya zama duka biyun, har da na ukun da kai ka faɗa tun farko, lafta kiliya. In shafi ya yi kauri, ko aka ɗora na biyu kafin tinar na farko ta tashi, sama ta kame ta rufe tinar ƙasa, ita ma sai ta fasa ta fito ta bar huji. A ido kusan iri ɗaya ne da na ruwa.

Wannan ya kawo ni ga abin da ba a taɓo ba. Ko a cikin tinar 2K akwai mai sauri, da matsakaiciya, da mai jinkiri. Takardar bayanin fenti galibi a kan zafin digiri 20 na ma'aunin Salshiyas take yin lissafinta. In wuri ya yi sanyi, ƙasa da 18 haka, mai sauri. Tsakanin nan da wajen 25, matsakaiciya. In zafi ya haura haka, mai jinkiri, kowane kamfani dai da iyakar da ya rubuta. Masu koyo suna son mai sauri don suna tsoron fenti ya yi hawaye. Amma a rana mai zafi mai sauri tana bushewa tun a iska kafin ta isa ƙarfe, ta sauka kamar yashi, ko ta kame kafin ta baje, ka samu bawon lemo, wato fenti mai gargada kamar fatar lemo. Girman aiki ma yana da magana: murfin madubi ba ɗaya yake da bonet ba. A babban fili kana so inda ka fara ya kasance da ɗan jiƙe lokacin da ka dawo kusa da shi, don su haɗe.

Malamin_Kimiyya
Dishi-dishin da ya gani ma yana iya zuwa daga nan. Tina in tana tashi tana sanyaya wurin da ta bari, kamar yadda turare ke yi a fata. In ta tashi da sauri a ranar da iska ke da danshi, saman fentin yakan yi sanyi har raɓa ta sauka a kansa, irin gumin da kwalbar ruwan sanyi ke yi. Sai fentin ya yi fari-fari kamar hazo. An fi ganin haka a selulos, maganinsa kuma tina mai jinkiri, ko a haƙura har yanayi ya bushe.

Sabon_Hannu
Na dawo da rahoto. Na sayo tinar 2K matsakaiciya ta kamfanin kiliyar, na zubar da ruwan tanki, na sa matara. Na goge rabin gambun na sake fesawa, na bar minti 10 tsakanin shafi da shafi. Alhamdu lillahi huji babu ko ɗaya, sheƙi kuma ya fito, har ina ganin fuskata. Saura abu ɗaya: akwai bawon lemo, ba mai yawa ba amma ana gani. Gwajin tsumma kuma na yi a madigadin, bai motsa ba.

DanFeshi
Madalla. Amma abu uku ka sauya a lokaci ɗaya, ba wanda zai iya rantsuwa wanne ne ya gyara. In kana son gaskiya ta fito, ka fesa ɗaya rabin da tsohuwar tinar yanzu da layinka ya bushe.

Kwamfaresa50
Wannan magana ta DanFeshi tana kan hanya. Ni ma ina son in ga sakamakon.

Baba_TsohonHannu
Ya gwada a gambu, ba laifi, gani ya kori ji. Amma kada a yanke hukunci washegari. A ajiye shi wata guda a rana, sannan a danna farce a ɓangarorin biyu, a ɗiga ɗan fetur a kowanne a goge.

MaiGan_14
Kan bawon lemo: har yanzu da ido kake zuba tinar?

Sabon_Hannu
Wannan karon na ji tsoro, 'yar kaɗan na ɗiga.

MaiGan_14
To ka tashi daga wannan gefe ka faɗa wancan. Ido ba ma'auni ba ne. Duba jikin gwangwanin. In an rubuta 2:1 da kashi 10 cikin 100, ka zuba kiliya mililita 200, hadina 100, ka juya sosai, sannan tina wajen 30. Hadina ake fara sawa, tina daga ƙarshe. Ka nemi kofin haɗi mai zane a jiki, ko sandar awo a gwangwani mai miƙaƙƙen gefe. A kofi mai faɗin baki da tsukakken gindi sanda ƙarya za ta yi maka. Akwai kuma kiliyoyin da ba sa son tina ko ɗigo, don haka takardar ita ce alƙali.

In kana son ka huta da zato, sayi kofin gwada kauri, DIN 4. Mililita 100 yake ci, da huji mai faɗin milimita 4 a gindi. Ka toshe da yatsa, ka cika, ka saki, ka ƙirga daƙiƙa har zaren fentin ya yanke. Yawancin kiliyoyin da na yi aiki da su tsakanin 16 da 20 suke so. In taka ta kai 25, ga bawon lemonka nan.

Injiniya_Roba
Iskar ma a duba. Ƙaramar kwamfaresa takan fara da ƙarfi, kafin ka kai ƙarshen bamba ta sauka. Yawancin gan na zamani matsin iska wajen "bar" 2 suke so a gindinsu, kuma ana aunawa ne lokacin da ka danne kunamar, ba lokacin da gan ke hutawa ba. In iska ta gaza, mutum sai ya yi ta ƙara tina don fentin ya fita, daga nan kuma hawaye.

Mai_Babur77
Ƙarfe nawa ka yi feshin? In da tsakar rana ne, matsakaiciyar ma ta yi maka sauri.

Sabon_Hannu
Wajen ƙarfe 2 ne, kuma gambun ya ɗan sha rana kafin in shigo da shi inuwa, da ɗuminsa na fesa. Gobe da sassafe zan sake, da awo wannan karon, a waje, kuma wani mai sana'a ya yarda zai ara min takunkumi mai tiyo, Likita ya tsorata ni. Ɗaya rabin zan yi wa DanFeshi gwajinsa in ajiye wata guda kamar yadda Baba ya ce. Tambaya ta ƙarshe kafin in taɓa madigadin: bes ɗin, tinar 2K ɗin nan zan zuba masa, ko shi ma da tasa?

Baba_TsohonHannu
Ya danganta da kamfanin. Wasu tina ɗaya suka yi wa firama da bes da kiliya, wasu bes da tasa daban. In kuma bes ɗin na ruwa ne, ko kusa kada tina ta je, nasa ruwan sirki ake sayarwa. Ɗauko hoton bayan gwangwanin ka turo, inda aka zana 'yan kofuna da lambobi, mu karanta tare.